Sunayen Mutanen Gobir Suna Hannun Wa?

A gabashin Jihar Sakkwato, daga Isa zuwa Bafarawa, daga Gatawa zuwa Sabon Birni, an jima ana rubuta sunan talaka. Hukumar agajin gaggawa ta zo ta rubuta, ƙungiyar raba abinci ta rubuta, masu rigakafi sun rubuta, masu rajistar marasa galihu ta ƙasa su ma sun rubuta. Wanda ya tsallaka iyaka zuwa Gidan Rumji ko Cadakori a Jihar Maraɗi, can ma hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki sunansa da zanen yatsunsa. A da littafi ne da biro. Yanzu yaro ne riƙe da waya yana tambaya yana latsawa: suna, ƙauye, lambar waya, yawan iyali, lambar NIN, asusun banki idan akwai.

Mai amsawa ba ya tambayar inda bayanan za su kwana. Wanda ya baro gonarsa da rumbunsa da daddare, buhun gero ne a gabansa.

To amma wannan yanki ba Legas ba ne, inda ɓarnar fitar bayanan mutum kan tsaya ga saƙon 'yan damfara. Nan ne aka ƙone matafiya a cikin motar da ta taso daga Sabon Birni a Disambar 2021. Nan ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a ƙarshen Yulin 2024, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. A 2025 jaridu sun ruwaito mutanen Bafarawa, mahaifar tsohon gwamna Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, da na ƙauyukan kusa suna barin gidajensu saboda barazanar Bello Turji. Kowane mazaunin yankin ya san kalmar "infoma", ya kuma san cewa ɗan bindiga ba ya shiga gari a makance. Takardar da ke nuna wanda ya karɓi tallafin kuɗi jiya, da wanda ɗansa ya shiga aikin sa-kai, da lambar wayar kowa, ta fi infoma goma amfani ga mai mugun nufi.

Kowace waya da ake wannan rajista da ita tana ɗauke da manhaja, kowace manhaja kuma wasu mutane ne suka rubuta ta ko suka daidaita ta: matasa biyar ko goma a wani ofis a Sakkwato, ko Kano, ko Abuja. Suna aiki ne a wuri guda da suke kira rumbun manhaja. Maganar wa zai buɗe wane fayil a wannan rumbu, wa zai canza shi, wa zai goge shi, ana yi mata kallon ƙaramin aikin masu kwamfuta. Ba ƙarami ba ne. Ga mutanen Isa da Sabon Birni maganar tsaro ce, kuma lokaci ya yi da masu ba da kwangila da masu karɓa za su ɗauke ta haka.

Tsarin izinin fayil ya girmi yawancin masu amfani da shi a yau. Ya samo asali daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a 1969 a ɗakin binciken Bell na Amurka, kuma shi Linux ya gada, wanda yawancin manyan kwamfutocin intanet, waɗanda ake kira saba, ke gudana a kansa. Mutane kashi uku ne a idon kowane fayil: mai shi, 'yan ƙungiyarsa, sai kowa da kowa. Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Maigida yana shiga ko'ina, iyali suna da iyakarsu, baƙo kuwa zaure ne matsayarsa, har a rubuta masa "ba shiga" a bango, kuma babu baƙon kirki da ke jin an wulaƙanta shi. Izinin ma iri uku ne, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, tayar da fayil ya yi aiki 1. Sai a tara. Fayil mai lamba 644 yana nufin mai shi zai karanta ya rubuta, sauran duk karatu kawai. Mai 600 na mai shi ne shi kaɗai. Mai 777 kuwa kowa zai karanta, ya canza, ya tayar.

Wannan 777 ɗin ita ce annobar masu koyo. Ɗalibi ya ɗora aikinsa a saba, manhaja ta ƙi tashi, ta ce babu izini. Dare ya yi, kuɗin data na ƙarewa, gobe za a nuna wa oga. Sai ya rubuta chmod 777, nan take komai ya tashi. Daga ranar ya koyi cewa maganin kowace matsala shi ne buɗe dukkan ƙofofi, kuma zai tafi da wannan ilimi duk inda ya samu aiki. Abin dariyar shi ne wasu manhajojin sun fi masu su hankali: SSH, wadda ake shiga saba da ita daga nesa, takan ƙi karɓar makullin sirri idan ta ga wasu ma suna iya karanta fayil ɗinsa, sai an mayar da shi na mutum ɗaya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Rumbun da kusan kowace ƙungiya ke amfani da shi a yau Git ne, wanda Linus Torvalds ya rubuta a Afrilun 2005, sai kuma shafukan da aka gina a kansa, irin su GitLab da GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5. Git bai damu da waɗancan lambobin ba. Abu ɗaya kawai yake tunawa game da izinin fayil: ana tayar da shi ko ba a tayarwa. Fayil na yau da kullum yana ajiye shi a 644, mai tashi a 755, shi ke nan. Wanda ya kulle fayil a 600 a kwamfutarsa sannan ya tura shi rumbu, kullen ya tsaya a kwamfutarsa. Duk wanda ke da izinin kwafar rumbun zai samu fayil ɗin a buɗe. Kuma ba fayilolin yau kaɗai yake kwafa ba, yana tafiya da tarihin aikin gaba ɗaya tun ranar farko. Idan wani ya saka kalmar sirri ko jerin sunayen jama'a bara, ya lura, ya goge bayan minti biyar, abin yana nan a tarihi, kuma yana cikin kwamfutar duk wanda ya kwafa tun daga lokacin. Gogewa ba ta warkar da komai. Makullin da ya shiga rumbu ya mutu, sai a soke shi a yanka sabo.

Masu aiki a ofis ɗaya da saba ɗaya suna da tasu rigimar ta daban. Wani ya tura aiki, fayilolin suka zama nasa shi kaɗai, na biyu ya zo turawa aka hana shi. Git yana da saiti na musamman don wannan, wanda ke sa duk sabon fayil ya zama na ƙungiya, kuma layi ɗaya ne. Masu Windows kuma sukan ga fayiloli sun nuna an canza su alhali ba wanda ya taɓa su, saboda Windows ba ya riƙe alamar tayarwa irin ta Linux. Wannan ma saiti ɗaya ke kashe shi. Duk waɗannan ƙananan ciwon kai ne masu sauƙin magani, amma su ne ke tura mai gaggawa ga 777.

Kada wani ya ce wannan sakacin ƙananan kamfanoni ne. A Oktoban 2022 Toyota ta sanar cewa wani kamfanin da ta ba kwangila ya ɗora wani ɓangare na manhajarta ta T-Connect a GitHub, a buɗe ga duniya, da makullin shiga sabar bayanai a ciki. Tun Disambar 2017 abin yake a fili, ba a lura ba sai Satumbar 2022, kuma bayanan masu mota 296,019 ne ke bayan wannan makulli. A 2016 ɓarayin intanet sun shiga rumbun Uber na GitHub, wanda ma a kulle yake, suka tsinci makullin ma'ajiyar kamfanin a ciki, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya biya su dala 100,000 don su yi shiru, daga baya ya biya dala miliyan 148 a sulhu da jihohin Amurka a 2018, shugaban tsaronsa na lokacin kuma kotu ta same shi da laifi a 2022. A 2023 kamfanin tsaro na Wiz ya gano cewa masu bincike a Microsoft, masu GitHub ɗin kansa, sun saka wata mahaɗa a rumbunsu don raba bayanan gwaji, amma izinin da suka ɗaura mata ya buɗe ma'ajiya mai terabait 38, kuma ba izinin karatu kaɗai ba, har da na canzawa da gogewa.

Wanda ya fi kusa da masu aikin agaji shi ne na Janairun 2021. Wasu masu bincike da ke kiran kansu Sakura Samurai sun tarar da rumbunan Git a buɗe a shafukan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka bi kalmomin sirrin da ke ciki har suka kai ga bayanan ma'aikata sama da 100,000 na hukumar kula da muhalli. Su masu kyakkyawar niyya ne, sun kai rahoto aka toshe.

A gida ma an gani. A 2022 masu bincike na Website Planet sun ba da rahoton cewa ma'ajiyar intanet ta hukumar inshorar lafiya ta Jihar Filato tana buɗe ba kalmar sirri, da fayiloli kusan 75,000 na mutane wajen 37,000, har da hotunan katin shaida. A Maris 2024 kafar bincike ta FIJ ta fallasa wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Nijeriya kan naira 200. Bayan wata uku ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani, AnyVerify, inda naira 100 ta ishe ta sayen takardar NIN ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban hukumar kare bayanai, Dakta Vincent Olatunji. Hukumar NIMC mai bayar da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. A ɗauka haka ne. Wannan bai sanyaya zuciya ba, don yana nufin bayanan sun fita ne ta ƙofar da aka buɗe wa wani da izini, shi kuma ya buɗe wa wasu. Idan takardar minista naira 100 ce, ta manomin Isa nawa za ta kai?

Abin da ya haɗa waɗannan labarai, babu wanda ya fasa bango. Izini ne ya fi buƙata faɗi, ko ya daɗe fiye da aikin da aka bayar da shi dominsa. Masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun rubuta ƙa'idar tun 1975: kowane mutum da kowace manhaja a ba su mafi ƙarancin ikon da zai ishe su aikinsu. Shekara hamsin ke nan, kuma kayan aikin bin ta suna nan. GitHub yana ba ƙungiya matakai biyar: mai karatu kawai, mai tantance ƙorafe-ƙorafe, mai rubutu, mai kula da aiki, sai admin mai iko da komai har goge rumbun. Ana iya kulle babban reshen aiki ta yadda babu wanda zai saka canji sai wani ya duba ya amince. Ana iya rubuta sunan wanda dole a nemi yardarsa kafin a taɓa wasu fayiloli. Tun 2023 GitHub ya fara tilasta wa masu tura aiki shiga da shaida biyu, kalmar sirri da lambar da ke zuwa a waya.

Me ya sa ba a bi? A Arewa amsar ba ta kwamfuta ba ce, ta zaman tare ce. Kunya ce da nauyin baki. Abokin karatu ya ce "ka ba ni akses", sai a ji nauyin tambayarsa wane aiki zai yi da shi. Darakta a ma'aikata ya ce a sa shi admin, ba don ya san abin da zai yi da ikon ba, sai don ba zai yiwu yaran da ke ƙarƙashinsa su fi shi makulli ba. Shi kuwa kalmar sirrinsa sunan ɗansa ce da shekarar haihuwa, kuma sakatarensa ya san ta. Ɗan hidimar ƙasa ya zo ya yi shekararsa ya koma garinsu, sunansa na nan a jerin masu rubutu. An rabu da wani ma'aikaci baram-baram kan albashi, an karɓe makullin ofis da na babur, ba wanda ya tuna da rumbu. Yawancin waɗannan mutane ba za su taɓa cutar da kowa ba. Amma wayarsu kan faɗi a kasuwa, kwamfutarsu kan je wurin mai gyara, asusunsu kan faɗa hannun ɗan damfara, kuma duk wanda ya riƙe asusun ya gaji izinin.

Saboda haka hana mutum izinin da ba ya buƙata ba tuhuma ba ce, sauke masa nauyi ne. Ran da jerin sunaye ya fita aka fara neman ta ina, wanda ba shi da makulli shi ne zai yi barci. Shugaban ƙungiyar da ya fahimci haka zai fara da kansa, ya sauka daga admin zuwa mai rubutu a aikin yau da kullum, don na ƙasa su ga ba raini ba ne.

Akwai masu cewa duk wannan zancen 'yan birni ne masu wutar lantarki da intanet. Hujjarsu ba ta banza ba ce, ta cancanci a saurare ta. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, bayan Zamfara ta yi irin haka a farkon watan. Mutanen kan iyaka suka koma farautar sabis ɗin Nijar. Ma'aikacin da ke tattara bayanai a irin wannan hali ba zai jira wani admin a Abuja ya amince masa ba. Zai kwafe fayil a filashi, ya tura wa abokin aiki ta Xender, ya saka a guruf ɗin WhatsApp da zarar ya samu sabis. Kuma idan makulli yana hannun mutum ɗaya tak, a yankin da hanya kan cinye mutum tsakanin Goronyo da Sabon Birni, ran da ba a same shi ba aiki ya tsaya cak.

Gaskiya ne, amma abin da hujjar ke nema shi ne tsari mai lura da ƙasa, ba zubar da tsari ba. Admin ya zama biyu, a garuruwa daban, kada ya kai goma. Manhajojin tattara bayanai da ƙungiyoyin agaji suka saba da su, ODK da KoboToolbox, an gina su ne don aiki ba intanet, kuma suna iya kulle kowace amsa tun a cikin waya ta yadda ko mai wayar ba zai sake buɗe ta ba, sai wanda ke riƙe da makullin a hedkwata. Wayar da ta faɗa hannun 'yan bindiga a shingen hanya da irin wannan kulle, ƙarfe ce kawai. Saitin yana nan. Kunna shi ne ake ƙyuya, saboda yana ƙara aiki kaɗan kuma wanda ya ɓatar da makullin ya ɓatar da bayanan.

Sannan babbar ƙa'ida, wadda ta fi duk lambobin nan muhimmanci: bayanan mutane ba su da wurin zama a rumbun manhaja. Rumbu na rubutun manhaja ne. Mai gina manhaja yana son gwada ta da bayanai, kuma mafi sauƙi shi ne ya roƙi jerin gaske daga fili, ya ajiye kusa da aikinsa, ya tura duka tare. Da ya ƙirƙiri sunayen bogi ɗari biyar, da gwajin ya yi daidai. Kalmomin sirri su ma a ajiye su a fayil na daban da aka gaya wa Git kada ya taɓa ɗauka. Tun 2024 GitHub kan tare turawa zuwa buɗaɗɗen rumbu idan ya hango makullin da ya gane siffarsa. Amma ba zai gane cewa jadawalin da ke ɗauke da sunayen zawarawan Gatawa da lambobin wayarsu abin ɓoyewa ba ne. Wannan sai mutum.

Wanda ke ganin an zuzuta haɗarin ya duba abin da ya faru da Birtaniya. A Fabrairun 2022 wani jami'in ma'aikatar tsaronta ya aika jadawali ta imel, yana zaton sunaye kaɗan ne a ciki, ashe yana ɗauke da bayanan 'yan Afganistan kusan 19,000 da suka nemi mafaka saboda sun yi aiki da sojojin Birtaniya. Ba a farga ba sai Agustan 2023 da wani yanki nasa ya bayyana a Facebook. Gwamnati ta samo umarnin kotu na hana ko ambaton maganar, ta kwashe dubban mutane a asirce, ba a sanar da duniya ba sai Yulin 2025. Birtaniya tana da jiragen kwashe mutane. Ƙaramar Hukumar Isa ba ta da su. A Janairun 2022 kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta sanar da cewa an shiga sabar da ke riƙe da bayanan mutane sama da 515,000, yawancinsu waɗanda yaƙi da hijira suka raba da danginsu, ta fito tana roƙon waɗanda suka kwashe kada su watsa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika tunawa ba. Izinin karatu yana fitar da sirri, izinin rubutu kuwa yana shigar da ƙarya. Wanda zai iya canza manhajar biyan tallafi ba tare da wani ya duba ba, zai iya ƙara layi biyu da za su karkatar da kuɗin mutum ɗari zuwa asusu ɗaya, ko su cusa sunayen da babu masu su. Nijeriya ta san ma'aikatan bogi tun zamanin fayil na takarda. Kuma mai wannan niyya yana da haƙuri. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya fara taimaka wa ƙaramar manhajar XZ Utils a 2021, wadda ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux, alhali mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ke ɗawainiya da ita a matsayin sa-kai. Ya yi ta gyare-gyare masu kyau har aka amince da shi aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. A farkon 2024 ya dasa ƙofar baya. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya gano a ƙarshen Maris, don kawai ya lura shiga saba ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa ya ƙi ƙyalewa. Amana ta shekara biyu ba ta maye gurbin ido na biyu ba. Dokar "sai wani ya duba" ba don baƙo aka yi ta ba, ta hau kan kowa, har wanda ya kafa kamfanin.

Doka ta riga ta iso, ko da labarinta bai kai ofisoshi da yawa ba. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ta kuma tanadi tarar da za ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai. A Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8. Sai dai hankalin hukumar yana kan bankuna da manyan kamfanoni, kuma ɗan gudun hijirar da ke kwana a makarantar firamare ba zai rubuta ƙorafi zuwa Abuja ba. Tara ma ba ta dawo da wanda aka bi har gida.

Shi ya sa nauyin ya koma kan masu horarwa da masu ba da aiki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Jihar Sakkwato, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku, duk suna fitar da masu rubuta manhaja. Malamin da ke duba aikin ƙarshe na ɗalibi yakan tambaya ko manhaja ta tashi. Ya kamata ya buɗe tarihin rumbun ma, ya rage maki idan ya tarar da kalmar sirri a ciki, kamar yadda zai rage idan lissafi bai fita ba. A Kano akwai waɗanda suka daɗe a wannan fage, irin su eHealth Africa da ke aikin bayanan rigakafin shan-inna da CITAD mai horar da matasa, kuma babu abin da zai hana Sakkwato neman gogewarsu.

Ma'aikatun jiha da ƙungiyoyin agaji kuwa, abin da ke hannunsu shi ne takardar kwangila. Sau da yawa rumbun manhajar gwamnati yana zaune a asusun kansa na ɗan kwangila. Kwangila ta ƙare, gwamnati ta canza, shi kuma yana nan da manhaja da makullai da duk abin da aka taɓa turawa. A rubuta tun farko cewa rumbu na ma'aikata ne, a asusun ma'aikata, ɗan kwangila baƙo ne da aka ba izinin rubutu zuwa ranar kaza. A rubuta cewa ranar miƙa aiki za a soke dukkan makullai a yanka sababbi, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai an yi. Babban sakatare ba ya buƙatar sanin bambancin 644 da 755 kafin ya sa ido. Shafin da ke nuna sunayen masu izini da matakin kowa yana buguwa a takarda ɗaya. Ya nemi a kawo masa ita duk wata uku, ya bi sunayen da biro, ya tambayi wane ne wannan, yana aiki a nan har yanzu, me ya sa yake admin. Haka ma shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni da hakimansu suna da damar tambayar duk ƙungiyar da ta zo rajista mutum nawa ne za su iya buɗe jerin, da ranar da za a goge shi idan rabon ya ƙare, kafin su sa mai shela ya tara jama'a.